Noman Shekara Goma Sha Biyu, Kasuwar Wata Ɗaya

Duk wanda ya taɓa bin hanya mai lamba 421 a watan Nuwamba, daga Boone ya gangaro Wilkesboro ya nufo Winston-Salem da Greensboro, ya san abin da zan faɗa. Tireloli ne a jere, kowace an danƙare ta da bishiyoyin Kirsimeti ɗaure tamau da igiya kamar dammunan dawa, ƙamshinsu na shigowa cikin mota ko da gilashi na rufe. Shekarar da na fara ganinsu ban daɗe da zuwa jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ɗan bakin hamada ne. Inda na tashi, wanda ya ɗora gatari a kan ɗanyen gawo sai ya haɗu da malamin daji, ko malamin daji bai gan shi ba dattawan gari ba za su ƙyale shi ba. Sai ga ni a ƙasar da ake sare ɗanyun itatuwa miliyoyi, ba girki za a yi da su ba balle rufin ɗaki, a falo za a kafa su a rataya musu fitilu na wata ɗaya sannan a jefar. Na ce a raina wannan almubazzaranci ne tsagwaronsa.

Ni Musulmi ne, ban taɓa kafa bishiyar Kirsimeti a gidana ba. Amma sana'ar tuƙin tirela ta kai ni har cikin gonakin da ake noma ta, a gundumar Ashe, tafiyar kamar awa biyu daga Greensboro, kuma gani ya kori ji. Abin da na iske a can noma ne na gaske, mai wuyar da ba kowane manomi zai iya jurewa ba. Tun daga lokacin nake ganin ana yi wa waɗannan manoma rashin adalci biyu: masu saye na kallonsu kamar 'yan kasuwar kayan ado, hukuma kuma na auna su da mudun da take auna mai masara, wanda ke shuka a Afrilu ya girbe a Oktoba. Su ma manoman akwai bashin da ke kansu, zan zo kansa.

Ran da na fara zuwa lodi, sanyi ya sa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Ina jiran layi ya zo kaina sai dattijon mai gonar ya ja ni gefen tudu, ya durƙusa gaban wani kututture da aka sare da safen nan, ya sa ni ƙirga zoben da ke jikinsa. Na ƙirga takwas. Ya ce shekarun da ta yi a wannan gonar ke nan, ban da biyar ɗin da ta yi a wurin raino kafin a kawo ta. Haka abin yake. Ana shuka ƙwayar iri a kwami ta yi wajen shekara uku tsawonta bai wuce taƙi ba, a cire ta a dasa a wani kwamin ta ƙara biyu, sannan a kai ta gona. A gona kuma sai ta yi bakwai ko takwas kafin ta kai ƙafa shida zuwa bakwai, tsawon da masu saye suka fi nema. Wanda ya shuka iri ranar sunan ɗansa, yaron zai gama firamare kafin uban ya ga kwabo daga wannan shukar.

Kuma ba dasawa ake yi a koma gida a kwanta ba. Wannan kyakkyawar siffa da ake gani, faɗi a ƙasa tsini a sama, ba haka Allah ya bar bishiyar ba, aski ne. Duk shekara, da zafin Yuli da Agusta, mutum zai bi ta da wata doguwar wuƙa mai kaifin aska, ya zagaye ta yana sara daga sama zuwa ƙasa, ya datse kan daidai gwargwado. Eka ɗaya na ɗaukar bishiya kusan 1,700, kuma kowace sai an bi ta da hannu, a kan gangaren da tarakta ba ta iya hawa. Ga taki, ga ciyawa, ga ƙwari, ga barewa mai cin toho, ga sanyin ƙarshen bazara da kan ƙone sabon ganye cikin dare ɗaya. Duk wanda ya taɓa dasa dabino ko mangwaro ya san wannan zaman jiran, sai dai shi mai mangwaro in itacensa ya fara 'ya'ya zai yi ta ci shekara da shekaru. Mai bishiyar Kirsimeti sau ɗaya tak yake girbi, ya koma farko.

Al'adar kafa bishiya a ɗaki daga ƙasashen Jamusawa ta fito, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert tsaye gaban tasu a 1848, daga nan ta kama Amurka. Da farko daji ake shiga a saro, kuma lokacin kam zargin ɓarna yana da tushe. Sai a 1901 wani manomi a jihar New Jersey ya dasa dubu 25 a gonarsa don sayarwa. Duwatsun Karolina ba su shiga harkar ba sai a shekarun 1950.

Dalilin shigarsu shi ne abin da ya fi jan hankalina. Mutanen duwatsun Appalachia talakawa ne tun asali. Ƙasarsu tudu ce da gangare, sanyi na daɗewa, daminar noma gajera ce. Kabeji suke yi, da wake, da 'yan shanu, da ɗan filin taba da gwamnati ta ƙayyade wa kowa. Matasa na ta barin gida zuwa masana'antu a birane. Amma a ƙololuwar duwatsun akwai wata bishiya da ba ta fitowa da kanta a ko'ina a duniya sai nan da maƙwabtan jihohin Tennessee da Virginia. Sunan wani Bature ɗan Scotland mai binciken tsirrai, John Fraser, aka laƙaba mata. Ganyenta ba ya saurin zuba bayan an sare ta, rassanta na ɗaukar nauyin kayan ado, tana jure doguwar tafiya a mota, ga ƙamshi. Malaman gona da wasu manoma ƙalilan suka ce, tun da sanyi da tsauni ne suka hana mu noman da wasu ke yi, bari mu noma abin da ba ya so sai sanyi da tsauni. A 1959 suka kafa ƙungiyarsu ta jiha. A 1971 bishiyar wani manomi daga gundumar Avery ta shiga Fadar White House, sunan Fraser ya fita duniya. Da gwamnatin tarayya ta soke tsarin kason taba a 2004, iyalai da yawa a duwatsun bishiyar nan ce ta riƙe musu gonakin gado. Yau Karolina ta Arewa ce ta biyu a Amurka bayan Oregon. Ƙidayar noma ta 2022 ta nuna an sare sama da miliyan 3 a jihar cikin shekara ɗaya. Akwai kuma wajen miliyan 50 a tsaye suna girma.

Wannan adadin na ƙarshe shi ya warware mini ƙullin da na zo da shi. In an sare uku, akwai arba'in da wani abu a tsaye, saiwoyinsu na riƙe da ƙasar gangare, tsuntsaye na sheƙa a cikinsu, kuma da bazara ta dawo za a dasa wasu a gurbin waɗanda aka sare. Ba a taɓa daji ba. Hasali ma Fraser ta daji ba gatari ne ya cinye ta ba. Wani ɗan ƙwaro ne mai kama da darɓa, da ya shigo daga Turai, aka fara ganinsa a dutsen Mitchell a 1957, ya bi manyan itatuwan ya kashe mafi yawansu. Wanda ya hau dutsen zai ga busassun kututtura tsaye fari fat. Yanzu Fraser na cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu a daji, alhali a gonaki tana nan miliyoyi, saboda akwai masu cin abinci da ita.

To amma kasuwarta fa? Nan ne wuyar take. Manomin da zai yi dashe bana dole ya yi hasashen yawan mutanen da za su so bishiya shekara takwas nan gaba, da kuɗin da zai kasance a aljihunsu, abin da ko masu mulkin ƙasar ba su sani ba. A farkon shekarun 2000 kowa ya dasa da yawa. Itatuwan suka isa sara daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008. Kaya ya yi yawa, masu saye suka ja baya, farashi ya faɗi har wasu suka riƙa sayarwa ƙasa da abin da suka kashe. Bishiya kuwa ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira tsada, in ta wuce tsawon falo ta wuce kasuwa. Ƙananan manoma da dama suka daina, waɗanda suka rage suka rage dashe, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sakamakon bai fito ba sai wajen 2016 da 2017, lokacin da kaya ya yi ƙaranci, farashi ya hau, masu saye suka fara cewa manoma sun cika son kuɗi. Ba wanda ya tuna shekarun da suka yi suna zubar da gumi a banza.

Ko da suka yi ƙoƙarin taimakon kansu, siyasa ta shiga. Manoman ne da kansu suka nemi a riƙa cire santi 15 (santi 100 ne dala ɗaya) a kan kowace bishiya don tallata ta gaske. Da aka sanar da tsarin a 2011, 'yan adawa suka yi ca, wai gwamnatin Obama ta sa wa Kirsimeti haraji, aka jingine shi, bai tashi ba sai bayan dokar noma ta 2014. Shekara uku suka tafi a kan santi 15 na kuɗin mutane da suka yarda su tara da kansu.

Wanda suke gasa da shi kuwa ba ya jiran damina. Bishiyar roba da waya ce, mafi yawanta daga masana'antun ƙasar Sin, irin wadda 'yan'uwanmu Kirista ke saye a kasuwannin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano. A Amurka ma yanzu mafi yawan gidajen da ke kafa bishiya ta roba suke kafawa. Ba na zargin mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi tasa sau ɗaya ya riƙa fito da ita duk shekara. Na ga inda ake sayar da Fraser mai kyau dala 80 har 100, kuma ba kowane gida ke da wannan a Disamba ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne mai hali ya sayi roba sannan ya ce wai ya ceci daji. Robar nan daga man fetur aka yi ta, an ƙetaro teku da ita, ranar da ta tsufa kuma juji za ta, ta zauna can ba ruɓewa. Ta gaske kuwa in biki ya wuce motar shara ta gari na kwashe ta a niƙa ta zama abin rufe gindin shuka.

Ana cikin haka sai ga guguwar Helene. Ranar 27 ga Satumba 2024 ta afka wa duwatsun, bayan ruwa ya riga ya yi kwana biyu yana zuba. A wasu wurare abin da ya sauka cikin kwana uku ya haura inci 30, ya fi abin da Maraɗi ke samu a damina guda cur. Sama da mutum 100 suka rasu a jihar, gwamnatinta ta ƙiyasta asarar da ta kai kusan dala biliyan 60. Gangare ya zaftare da itatuwan da ke kansa, rafuka suka cika suka bi ta wuraren rainon iri da ke kwari, gadoji suka tafi, saura makonni kaɗan a fara sara. Da na koma lodi a wannan Nuwambar, hanyar da na saba bi an toshe ta, sai da na yi dogon zagaye. A bakin wani rafi na ga kwamin dashe da laka ta binne, kawunan 'yan tsirran kawai ke leƙowa kamar an jera tsintsiya. Wanda bai sani ba zai ce ai ƙanana ne, asarar kaɗan ce. Girbin shekarar 2032 ne ke kwance a cikin lakar nan.

A wannan shekarar ma bishiyar Fadar White House daga Avery ta fito, daga gonar iyalan Cartner a Newland, gonar da ita kanta zaftarewar ƙasa ta cinye mata dubban itatuwa. An yi ta yabon juriyar mutanen duwatsu a talabijin, kuma sun cancanci yabon. Amma yabo ba ya biyan bashin banki. Tsarin tallafin noma na Amurka an gina shi ne a kan masara da waken soya da alkama da auduga, amfanin da in ya lalace bana za a sake shukawa baɗi. Akwai shirin da ke taimaka wa mai itatuwa da wani ɓangare na kuɗin sake dashe, amma kuɗin dashe daban, shekarun da suka salwanta daban. Wanda ya rasa itatuwa 'yan shekara shida ya rasa askin shekara shida da takin shekara shida, kuma zai sake jiran takwas. Mutumin da ya haura sittin, 'ya'yansa na birni, ga dillalin filaye na ƙwanƙwasa masa ƙofa saboda masu kuɗi na son gidajen hutu a kusa da Boone da Banner Elk, me kake tsammani zai yi? Zai sayar. Gangaren da aka yanka aka zuba wa kwalta da siminti kuwa ba ya komawa gona, kuma ba ya shan ruwa in wata guguwar ta zo. Shi ya sa nake ganin rance mai dogon wa'adi da inshorar da ke lissafa shekarun bishiya haƙƙi ne a kan hukuma, ko don mutanen da ke zaune a ƙasan tudun.

Yanzu bashin da na ce yana kan manoman.

Waɗanda suka loda mini tirela ba 'ya'yan mai gona ba ne. 'Yan ci-rani ne daga Meziko, da yawansu da bizar aikin gona ta wucin gadi da ake kira H-2A. Tun duhun asuba suke kan tudu, ɗaya na sara da inji, wasu na jan itatuwan zuwa bakin hanya, wasu na cusa su cikin injin ɗauri, wasu na ɗagawa sama. Babbar bishiya jiƙaƙƙiya sai mutum biyu ko uku. Na lura da wani saurayi cikinsu da safar hannunsa ta yage, ƙaron itacen ya manne masa a yatsu ya yi baƙi ƙirin, fatar ta tsattsage saboda sanyi. Ba ma jin yaren juna sosai. Na miƙa masa shayin da ke cikin fulas ɗina, ya sha, ya ciro waya ya nuna mini hoton 'yarsa da kayan makaranta. Ni ma haka nake nuna hoton nawa. Na san ci-rani, na san abin da ke sa mutum ya haɗiye magana don kada a ce baɗi kar ya dawo, kuma bizar tasu a ɗaure take da ubangida ɗaya.

A 2004 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a shari'ar da ma'aikatar ƙwadago ta yi da ƙungiyar manoman jihar, ta ce noman bishiyar Kirsimeti noma ne, ba aikin gandun daji ba. Na yarda da kotun, abin da nake ta faɗa ke nan tun farko. Amma a dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ma'aikacin gona ba shi da haƙƙin ƙarin kuɗin aikin da ya wuce awa 40 a mako. Ke nan hukuncin da ya tabbatar wa mai gona sunan manomi shi ne ya cire wa mai jan itace kuɗin awannin da ya fi wahala a cikinsu, a watan da ake aiki daga duhu zuwa duhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na san manoma na kukan tsadar ƙwadago, ga masauki da sufuri da doka ta ɗora musu, kuma na san tsakanin abin da ake biyansu a bakin gona da abin da mai saye ke biya a birni akwai rata mai faɗi da masu sari da manyan kantuna ke ci. Duk da haka, wanda ke neman a lissafa masa shekarunsa bai kamata ya ƙi lissafa awannin wani ba. In ƙarin dala biyu ko uku a kan bishiya zai biya wannan, mai sayen bishiyar dala 90 ba zai fasa biki ba.

Bashi na biyu na ƙasa ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na itatuwan da ake nomawa a jihar iri ɗaya ne, Fraser, ana sarewa ana mayar da ita a fili ɗaya. Akwai wata cutar ruɓewar saiwa da ke zama a cikin ƙasa mai riƙe ruwa, in ta shiga gona ganye ya yi ja bishiya ta mutu, kuma ba ta fita, filin ya tashi daga aikin Fraser ke nan. Ambaliya irin ta Helene na ɗaukar ta daga wannan gona zuwa waccan. Masana a jami'ar jihar da ke Raleigh na yi wa Fraser aure da saiwar wata danginta ta Japan mai jure cutar, kamar yadda ake auren mangwaro a wurinmu, suna kuma gwada wasu nau'o'in daga Turkiyya. Dashen aure ya fi tsada, kuma ƙaramin manomi ba zai iya shi kaɗai ba, nan ma wurin da kuɗin hukuma zai yi amfani ne. Maganin ƙwari da na ciyawa kuwa an rage su a kan da, manoma da yawa sun koma barin ciyawa mai shimfiɗa a tsakanin layuka, amma ruwan da ya gangaro daga tudun nan shi mutanen kwari ke sha, kuma mai feshin shi ne dai saurayin nan mai yagaggiyar safa.

A watan Afrilun da ya biyo bayan guguwar na bi ta gonar dattijon nan ba don lodi ba. Na same shi a gangaren da ya zaftare, an cike ramin an daidaita shi, shi da mutum huɗu suna dashe. Ɗaya na huda ƙasa da ƙarfe, ɗaya na saka tsiro, shi yana bi yana takawa da diddige. Ya ce mini rabin filin kawai zai dasa bana, don irin ya yi wuya tun da ruwa ya ci wuraren raino, sauran rabin kuma wani daga Florida ya riga ya aiko da farashi sau biyu, bai ba shi amsa ba tukuna.